Daga siziyam zuwa Bak: me ake nema ga ɗalibi kafin a ce ya gama?

 Mu ƴan ajin ƙarshe ne aka ba wa wannan shafi a littafin bana, sai muka ga ya dace mu yi bayani a kan wata magana da ke rikita mutane duk shekara. Ranar bikin yaye ɗalibai ana cin shinkafa, ana ɗaukar hoto, a gida a ce "wane ya gama". Bayan ƴan makonni sakamako ya fito, sai a ji wane ɗin zai koma aji. Iyaye su ce to wai bikin da aka yi na mene ne? Abin da ke kawo haka shi ne, gamawa iri biyu ce a makaranta irin tamu, kuma kowace da sharuɗɗanta.

Makarantarmu ta kuɗi ce, amma manhajar da muke bi ta gwamnatin Nijar ce, wadda aka tsara wa makarantun Faransanci da Larabci, wato faranko-arab. Tsarin ba na jiya ba ne, tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko irin wannan a garin Say. Don haka muna ɗauke da kaya biyu: na hukuma da na makaranta.

Bari mu fara da lissafin shekaru, don iyayenmu da ba su yi lakkwal ba. Bayan shekara 6 na firamare, yaro yana yin shekara 4 a kwaleji. Sunan azuzuwan baya-baya yake tafiya: aji na 6 da muke kira siziyam shi ne na farko, sai na 5, sai na 4, sai na 3, turwaziyam, inda ake rubuta jarrabawar BEPC. Ita ce mabuɗin lise. A lise shekara 3 ake yi, ta ƙarshe ita ce tarminal, inda ake rubuta Bak. Duka-duka shekara 7 ke nan, in ba a maimaita aji ba.

A lise ne hanya ke rabuwa. Sashen A na masu harsuna da adabi ne da falsafa. Sashen C ya fi ƙarfi a lissafi da fizik. Sashen D kuwa ya fi ba da ƙarfi ga ilimin halittu, tare da lissafi da sauran kimiyya. Ƙannenmu ƴan turwaziyam, ku yi tunani tun yanzu. Wanda ke mafarkin aikin likita ya bi sashen A don abokinsa na can, ranar da zai nemi gurbi a jami'a zai gane ya rufe wa kansa ƙofa.

Sai maganar maki. Kowane darasi a kan 20 ake ba da makinsa, kuma matsakaicin maki, wanda muke ce wa muwayan, sai ya kai 10 ake cewa ɗalibi ya ci. To amma darussan ba nauyinsu ɗaya ba. Kowanne yana da lambar da ake ninka makinsa da ita, kuma lambar tana sauyawa daga sashe zuwa sashe. Ga misali, mu ɗauka wani darasi nauyinsa 2, ɗalibi ya samu 16, ya tashi da 32. Wani darasin nauyinsa 4, ya samu 6, ya tashi da 24. In an haɗa 56 ke nan, a raba da 6, a samu 9 da ƴan kai. Ka ga 16 ɗin da ya yi ta nuna wa mutane ba ta fitar da shi ba. Nan ne da yawanmu muke faɗuwa. Wani gwani ne a nahawu da sarfu, amma ya yi wa lissafi da Faransanci saki uku. Wani kuma ya iya Faransanci kamar a can aka haife shi, a ba shi sakin layi na Larabci ya sa masa wasali, sai zufa. Shawararmu, tun makon farko kowa ya tambayi malamin ajinsa nauyin kowane darasi, ya rubuta a bangon littafinsa. Ko motsa jiki da wasu ke rainawa yana cikin jarrabawa, kuma makinsa na shiga lissafi.

Muwayan ɗin shekara da ke cikin bilitan shi ke sa a wuce aji ko a maimaita. Amma BEPC da Bak ba makarantarmu ke ba da su ba. Hukuma ce ke fitar da tambayoyi, a cibiyar da ta zaɓa ake rubutawa, masu gyara kuma ba su san sunan kowa ba. Ko diraktanmu ba shi da ikon ƙara wa ɗansa maki ɗaya. A Bak, wanda ya kai 10 a zagayen farko ya wuce kai tsaye, wanda ya zo kusa ana ba shi dama a zagaye na biyu. Akwai kuma darajoji: daga 12, daga 14, daga 16, kowace da sunanta a jikin takarda. Darajar nan ba ado ba ce, ana dubanta wurin neman gurbi da tallafin karatu, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Jami'ar Musulunci ta Say, ko jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko a waje kamar Azhar.

Akwai wani abu da ba karatu ba ne, amma yana kayar da mai ƙoƙari: takardu. Ba a karɓar dosiyen jarrabawa sai da takardar haihuwa, ko takardar kotu mai maye gurbinta. Sunan da ke jikinta shi za a rubuta a takardar shaida, harafi da harafi. Mun ga ɗan ajinmu da aka rubuta sunansa iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a shaidar BEPC. Shi da mahaifinsa sun sha zirga-zirga kafin a gyara, ana kwana kaɗan a rufe karɓar dosiye. Baba, Inna, don Allah a fito da takardun nan daga akwati a duba su tun farkon shekara. Haka nan duk wanda zai kai ɗansa makarantar kuɗi, ya tambaya ko tana da izinin hukuma kafin ya biya ko dala ɗaya.

Kaya na biyu shi ne na makaranta. Kafin ta ba ɗalibi tata shaidar a ranar biki, sai ya ba da haddar izun da aka ɗora wa ajinsa a gaban malamai, da tajwidi. Sai ya ci fiƙihu, hadisi, tauhidi da sira. Sirbeyan zai kawo littafin fashi da latti, a duba makin ɗa'a. Sai kuma a ga an kammala kuɗin makaranta, an mayar da littattafan da aka ara. Wannan shaida tana da girma a wurinmu, ita ce ke nuna mun zauna gaban malamai mun ɗauki karatu. Sai dai ba ta maye gurbin Bak, kamar yadda Bak ba ta maye gurbinta. Mai Bak da bai iya gyara Fatiharsa ba bai gama ba, mai hadda da ba shi da Bak kuma zai tarar da ƙofar jami'a a rufe.

Ga iyayenmu, roƙonmu uku ne. In an ba da bilitan a karɓa a duba, wanda bai iya karantawa ba ya sa a karanta masa. A rage wa ƴan aji na jarrabawa aike da talla, musamman ƴan mata, daga watan Afrilu har a gama. In kuma yaro ya faɗi, kar a ce ya ci amanar kuɗi a cire shi. A cikinmu akwai waɗanda suka maimaita turwaziyam, yau su ne kan gaba a tarminal.

Ga ƙannenmu, ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayoyin Bak suna da saiwa tun a siziyam, haddar da aka bari ta taru kuma ba ta shiga kai a dare ɗaya.