Dokar Shigo da 'Ya'yan Itatuwa daga Ƙetare da Makomar Garaken Tambuwal

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta gangara kudu, kuma mafi yawan kayan marmarin da ake kasawa a bakin titinsa, ko ake sara a kai kasuwannin ƙasar Kebbe, na cikin gida ne: lemu daga Binuwai, ayaba daga jihohin kudu, mangwaro kuwa daga garaken yankin idan bazara ta kama. Sai dai akwai kason da yake tsallako iyaka, musamman gab da azumi, kamar abarbar Jamhuriyar Benin da dabinon da ke biyowa ta Nijar da tuffar Afirka ta Kudu, kuma a kan waɗannan ne dokar shigo da kaya take hawa.

Wanda zai shigo da kaya da yawa ta halastacciyar hanya sai ya yi wa kasuwancinsa rajista, ya mallaki lambar biyan haraji, sa'an nan ya buɗe Fom M a banki, wato takardar da ke bayyana wa hukuma irin kayan da ƙimarsu kafin su iso, wadda a kanta ne Kwastan ke lissafa kuɗin fito. Wannan ɓangaren kowa ya san shi, domin kuɗi ake biya. Wanda ba a cika sani ba, alhali ya fi shafar manomi, shi ne na hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobin da ke shigowa ƙasa. Ita ce ke ba da izinin shigo da ɗanyun 'ya'yan itatuwa, kuma ana neman izinin ne tun kayan ba su baro inda suke ba. Dole kuma su zo da takardar shaidar lafiyar tsiro, wadda hukumar ƙasar da aka yi lodi take bayarwa bayan ta duba ta tabbatar babu ƙwaro ko cuta. Wannan tsari ya samo asali daga yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai ta 1951, kuma ya ba jami'in bakin iyaka ikon sa wa kaya magani, ko mayar da su, ko lalata su.

Da yawa daga cikin fatake sun ɗauka cewa tsarin sauƙaƙa ciniki na ECOWAS, wanda ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gonar ƙasashen ƙungiyar tun 1979, ya ɗauke musu kowace takarda, alhali fito kawai ya yafe, binciken lafiyar tsiro yana nan daram. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta ƙara dagula lissafin masu bin ta Gaya da Birnin Ƙonni.

Dalilin wannan tsanani yana cikin tarihin ƙwarin da suka riga suka shigo. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro mai tsotse ruwan ganyen mangwaro, ɗan asalin Asiya, ya ɓulla a Togo da Gana ya bazu, ba a kuma shawo kansa ba sai da aka kawo wani ƙaramin zanzaro daga Indiya mai hallaka shi. A 2003 aka fara ganin ƙudan 'ya'yan itace na Asiya a Kenya, kuma cikin 'yan shekaru ya game Afirka ta Yamma. Macensa tana huda ɓawon mangwaro ko gwaiba ko lemu ta zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye cikin, daga waje kuwa ɗan itacen sumul. Idan aka zubar da ruɓaɓɓen a juji sai tsutsar ta shige ƙasa ta fito ƙuda, ta nufi garka mafi kusa. Kwando ɗaya da ya kauce wa bincike ya isa ya jawo wa manoman gari guda asarar shekaru, su kuwa ba su ci ribar ko sisi daga cinikin ba.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, nata aikin lafiyar mai ci ne, kuma ta sha gargaɗi a kan nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid na masu walda, abin da ya shafi kayan gida da na waje baki ɗaya.

Raunin tsarin shigo da kayan shi ne an ɗinka shi daidai da babban ɗan kasuwa mai kwantena a Apapa, ba da mai 'yan kwanduna a bayan a-kori-kura ba. Rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, wanda ya kai Disamban 2020 kafin a buɗe iyakar Illela, ta Kamba kuwa sai Afrilun 2022, ya koya wa mutane bin ɓarauniyar hanya, inda babu mai duba ko ƙwaya ɗaya. Ya kamata NAQS ta fitar da izini mai sauƙi da araha domin ƙananan fatake, a riƙa yankarsa a Illela da Kamba, a bayyana sharuɗɗansa da Hausa a rediyo, ƙungiyoyin 'yan gwari na Tambuwal da Kebbe kuma su riƙa binne ruɓaɓɓun kaya a rami mai zurfi maimakon zubar da su a bayan kasuwa.