Tony Rinaudo: Ɗan mishan ɗin da kututture ya zame wa malami a Nijar

Duk wanda ya bi hanyar Magarya zuwa Dungas a jihar Damagaram da rani, abin da zai fara cika masa ido shi ne gawo, tsaye a tsakiyar gonakin gero, ganyensa shar a lokacin da komai ya bushe. Galibinsu ba dasa su aka yi ba. Toho ne da manoma suka daina sarewa.

A Nijar ana kiran wannan dabara sassaben zamani, kuma sunan da duniya ta fi alaƙantawa da ita shi ne Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da aka haifa a 1957. Ya karanci aikin gona, sannan ya iso Maradi a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Aikinsa shi ne raba dashen itatuwa a ƙauyuka, amma zafi da iska da awaki suka riƙa cinye mafi yawansu.

A 1983, ya tsaya a kan hanya don rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya lura da wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawar banza. Ganyen ya nuna masa cewa itace ne da aka sare, wanda saiwarsa ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Mutumin mai yawan addu'a ne, kuma ya ɗauki abin a matsayin amsar roƙonsa.

Manoma ba su yarda nan take ba. A yunwar 1984 an haɗa tallafin abinci da barin toho a gona, kuma da tallafin ya ƙare da yawa suka sake sarewa. Waɗanda suka bari ne suka ga amfanin, maƙwabta suka kwaikwaya. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood.

Sai dai jingina masa gawon Magarya baki ɗaya rage wa manoman yankin haƙƙi ne. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya kiyasta kusan hekta miliyan ɗaya da ta farfaɗo a Magarya da Matamaye da Mirya, akasari da ƙoƙarin manoman kansu. Sun daɗe da sanin halin gawo: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi.

Abin da ya daɗe yana sanyaya gwiwa shi ne doka, domin tun zamanin mulkin Faransa ana kallon irin waɗannan itatuwa a matsayin na gwamnati. A 2020 Nijar ta fitar da dokar da ta amince cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa, shi ke da ikon cin moriyarsa.