Mota mai layi uku: Kafin ka tura kuɗin Sienna ko Sharan, tsaya mu yi magana

Ranar jajibirin Sallah ce, kana tsaye a ƙofar gida da makulli a hannu kana lissafi. Hajiya a gaba, wannan ba a ma tattauna shi. Madam da yara biyu a baya. To ina za ka sa ƙanwarka da ta dawo hutu daga makaranta, da ɗan yayanka da aka ba ka riƙo, da kular abinci, da buhun shinkafar da za a kai ƙauye? Corolla ɗinka ta yi iya yinta, amma mutum biyar aka ƙera ta ta ɗauka. Ƙarshenta a ɗora yaro a cinya, a tura mutum biyu tasha, kai kuma ka kama hanya hankalinka rabi a kan titi, rabi a wajen waɗanda suka hau ta haya.

Idan ka taɓa shiga wannan yanayin, da kai nake. Ke ma da ke nake, don yanzu mata da yawa su ke kai yara makaranta su ɗauko, har da na maƙwabta. Da yawanmu mun zama iyayen gida tun kafin mu cika talatin da biyar, kuma motar gayu ba ta ɗaukar dangi. Iyayenmu sun huta da wannan tunanin, don a zamaninsu akwai Fijo 504 doguwa, wadda kamfanin PAN na Kaduna ya sa ta zama ruwan dare, kowane bakanike ya san cikinta. Mu kuwa sai dai mu zaɓa cikin tokumbo da 'yar gida.

Mu fara da aljihu, don shi ne alƙali. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala ma ta tashi, kuma da ita ake lissafin kuɗin kwastam. Shigo da mota ta kan iyakar ƙasa an hana shi tun Janairun 2017, shi ya sa labarin “zan leƙa Kwatano in ɗauko mai sauƙi” ya zama tarihi. Saboda haka tambayar ba wai nawa za ka saya ba kawai, nawa za ka riƙa ciyar da ita duk wata? Idan ka haɗa kuɗinka kakaf ka miƙa wa dillali, ba ka sayi mota ba, ka sayi abin ado na ƙofar gida. Ka ware wani abu a gefe tun kafin ciniki, don taya, batir, juyen baƙin mai da takardu suna jiranka a makon farko.

Toyota Sienna ita ce sunan da za ka fara ji, kuma ba a banza ba. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, layin ƙarshe babba ma zai zauna ya miƙe ƙafa, kuma bayan an cika kujerun akwai sauran wurin kaya. Ƙofofinta na gefe ja ake yi, yaro ba zai buɗe ya maka wa motar wani ba. Kayan gyaranta kuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna zuwa Apo a Abuja, ba za ka sha wahala ba.

Sai dai Sienna suna ta tara. Ta farko, 1998 zuwa 2003, ta tsufa, kuma mafi yawan waɗanda suka rage sun ci hanya har sun gode Allah. Ta biyu, 2004 zuwa 2010, ita ce ta masu matsakaicin ƙarfi, amma ita ma kashi biyu ce. Daga 2004 zuwa 2006 injinta 3.3 ne mai taimin belt, wato bel ɗin roba da dole a canza shi in lokacinsa ya yi, in ba haka ba ya tsinke maka a tsakiyar daji. Daga 2007 aka koma injin 3.5 mai sarƙa, wanda ba ya buƙatar wannan canjin a kai a kai. Ni dai in kuɗin ya kai, ta 2007 zuwa sama zan nufa. Ka duba ƙofar da ke buɗe kanta da lantarki, wayar da ke jan ta tana tsinkewa, kuma gyaran ba na wasa ba ne. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko akwai safaya, domin masu ja da ƙafa huɗu na wannan zubin ba sa zuwa da ita. Ka tuna kuma cikinta kusa yake da ƙasa. Idan hanyar garinku irin wadda damina ke cinyewa ce, za ka riƙa jin ƙarar da ke sa gaba faɗuwa.

Ga maganar da masu tallar TikTok ba sa faɗa: inji mai silinda shida ba ya azumi. Da kaya da esi, ka ƙiyasta lita 11 zuwa 13 a kowane kilomita 100 a kan babbar hanya, cikin gari kuma fiye da haka. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, zuwa da dawowa ke nan kana maganar lita 50 zuwa 60. Ninka da farashin gidan man unguwarku, ka ga ko zuciyarka ta ɗauka. Wasu na mayar da ita mai amfani da gas na CNG, kuma akwai sauƙi, amma tukunyar tana cin wurin kayan da saboda shi ka sayi motar, sannan sai ka tabbatar akwai inda za ka riƙa cikawa a hanyar da kake bi.

Sai Sharan, sarauniyar tasha. Volkswagen Sharan ta farko da Ford Galaxy da SEAT Alhambra kusan mota ɗaya ce, a masana'anta ɗaya aka haɗa su a Fotugal, tambari ne ya bambanta. Kada wani ya ƙara maka kuɗi don suna. Abin da ya sa direbobin haya suka riƙe ta shi ne mai injin 2.0 da giyar hannu ba ta da shan mai kamar Sienna, ga juriya, kuma kujerun baya ɗai-ɗai ake cire su, ka mayar da ita motar kaya ranar da kake so. Matsalarta biyu. Wayoyinta na lantarki suna son bakaniken da ya san motar Jamus, ba mai gwaji ba. Na biyu kuma, samun wadda ba ta yi haya ba sai an tona. Ɗaga kafet ka duba ko akwai ramukan da aka huda don ƙara benci, ka duba ko an ɗaga bayanta don ta ɗauki lodi. Idan ka ga haka, komai ƙyallin fentin, ka yi sallama.

Toyota Picnic da Avensis Verso ƙanana ne, silinda huɗu, ba su da haɗama. In yaranka ƙanana ne kuma zirga-zirgarka cikin gari ce, sun wadatar, illa dai shekaru sun ja.

Na san inda zuciyarka take, wajen jif. Highlander ta fi kyau a hoto, ta fi tsayi daga ƙasa, kuma ba wanda zai tsayar da kai a hanya yana tambaya ko saura mutum nawa. Amma layinta na uku, musamman tsofaffin, na yara ne, kuma da zarar ka ɗaga shi but ya ƙare. Ba kowace Highlander ce ma ke da layi ukun ba, sai ka duba. Honda Pilot ta fi ta fili, mutum takwas take ɗauka, sai dai ita ma ba ta raina mai, kuma taimin belt gare ta. Honda Odyssey ta 1999 zuwa 2004 kuwa ta yi suna wajen ciwon giya. In ka ga an karya farashinta, ka san dalili. Araha ba ta ado.

Akwai kuma waɗanda aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu a hagu yake. Motar da aka ƙera don Japan ko Ingila aka zo nan aka yanke aka mayar, ba da ita za ka ɗauki mahaifiyarka ba. Alamarta ba ta ɓuya: dashbod ɗin bai zauna daidai ba, waifa tana sharewa ta ɓangaren da ba na direba ba, wani lokacin ma ƙofar fasinja ta ja tana buɗewa ta tsakiyar titi.

Yanzu ranar dubawa. Wani abokina ya ga Sienna a Facebook, hotuna goma sha biyu, an rubuta “ba abin gyarawa, sai tuƙi”. Ya tura kafin alƙalami don kada a riga shi. Da muka je, mota ta yi kyau wallahi, har da ƙamshin turare. Bakaniken da muka tafi da shi bai ce komai ba, ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga layin laka busasshe. Ya ɗaga kafet, ƙarafan kujera duk tsatsa. Motar ambaliya ce, irin waɗanda kamfanonin inshora a Amurka ke gwanjonsu, a wanke a loda a jirgi. Kafin alƙalamin nan har yau ana “za a duba”. Ba a cinikin biri a sama, kuma hoto ba mota ba ne.

Don haka ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira ba. Ka je da safe ka tarar da injin a sanyaye, domin inji mai zafi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Idan ka murɗa makulli, fitilun dashbod su kama gaba ɗaya sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila cire ta aka yi don kada ta tona asiri. A sa kwamfuta a duba. A leƙa salansa a ga ko “indomi” tana nan, don ana sace ta a sayar. A buɗe lagireto a ga ko ruwan sanyaya inji ne ko ruwan rijiya mai tsatsa. Lambar shasi guda 17 ce, ka kwafe ta, in motar Amurka ce ka bincika tarihinta a intanet, za ka iya ganin ko ta taɓa haɗari da ainihin tafiyar da ta yi, don mita ana mayar da ita baya. Taya ma tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya da zafin watan Afrilu da mutum takwas a ciki, kai ma ka san sauran.

Takardu kuma kada ka ji kunya. Lambar shasin da ke jikin mota ta yi daidai da ta takardar kwastam, kuma ka je ofishinsu a tabbatar maka an biya duti, tun kafin a tare ka a hanya da iyali a ciki. In 'yar gida ce, a rubuta yarjejeniya da shaidu, ka ga mai ita ido da ido, a yi canjin mallaka. Inshorar dole ta ƙananan motoci naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ka yi ta gaske, ba ta bakin titi ba.

Abu na ƙarshe da kusan kowa ke mantawa: kai a gaba za ka zauna, amma ba don kanka ka sayi motar ba. Ranar gwaji ka ba bakanike tuƙin, ka zagaya can layin ƙarshe ka zauna. Ka ji ko esi yana isowa, ko gilashin gefe yana buɗuwa, ko kowace kujera tana da bel mai aiki, ko tsohuwa za ta iya shiga ba tare da an ɗaga ta ba. A bi da kai ta kan hanya mai gargada na minti goma, da rana tsaka, gilashi a rufe. Idan ka sauko kana gumi kana riƙe ƙugu, haka yaranka za su sauko a Maiduguri bayan tafiyar wuni guda.