Baƙunta da Hali a Cikin Fim ɗin Vicky Cristina Barcelona

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu dubi fim ɗin Vicky Cristina Barcelona, wanda Woody Allen ya rubuta kuma ya ba da umarninsa, aka fara nuna shi a bikin finafinai na Cannes a shekarar 2008. Manufarmu ita ce mu nuna cewa hutun bazara a ƙasar waje, wanda aka gina labarin a kansa, dabara ce ta gwada halayen taurari. Baƙunta takan sassauta wa mutum dokokin gida, amma ba ta sauya masa hali.

2.0 Zubin Labari

'Yan mata biyu Amurkawa, Vicky (Rebecca Hall) da Cristina (Scarlett Johansson), sun je birnin Basalona na ƙasar Sifen don su yi hutu. Vicky mai natsuwa ce, tana nazarin al'adun Kataloniya, an kuma riga an yi mata baiko da Doug. Ita kuwa Cristina ba ta san abin da take nema ba, abin da ba ta so kawai ta sani.

Wani mai zane, Juan Antonio (Javier Bardem), ya gayyace su garin Oviedo. Cristina ta amsa nan take, Vicky ta bi ta ba da son ranta ba. A can ciwon ciki ya kwantar da Cristina, sai ga shi wadda ta ƙi tafiyar ita ce ta fara faɗawa tarkon so. Duk da haka Vicky ta auri Doug, Cristina kuma ta tare a gidan mai zanen. Daga nan sai tsohuwar matarsa, María Elena (Penélope Cruz), ta dawo gidan bayan ta yi yunƙurin kashe kanta, zama ya koma na mutum uku.

3.0 Dabarun Isar da Jigo

Dabara ta farko ita ce ƙayyade lokaci. Kowa ya san hutu zai ƙare, saboda haka kowa yana aikata abin da ba zai yi a gida ba, yana zaton ba abin da zai biyo baya.

Ta biyu ita ce harshe. María Elena takan zuba faɗanta da Sifaniyanci, shi kuma Juan Antonio ya yi ta roƙon ta da ta yi Ingilishi saboda Cristina. Wannan yana tuna wa mai kallo cewa Cristina baƙuwa ce a wannan gida, ko da kuwa ma'auratan na dā sun ɗauke ta a matsayin gishirin da zamansu ya rasa. Da ta tafi, sai rikicinsu ya dawo sabo. Wannan rawa ce ta jawo wa Cruz lambar Oscar a 2009.

Ta uku ita ce muryar mai ba da labari, wanda ba a ganinsa. Yana bayyana zuciyar kowa cikin sanyin murya, kamar mai karanta rahoto, ta yadda mai kallo zai tsaya daga nesa ya yi hukunci, maimakon ya nutse cikin tausayi.

4.0 Kammalawa

A ƙarshe María Elena ta harba bindiga, harsashi ya raunata Vicky a hannu. Vicky ta koma ga mijinta ba tare da ta faɗa masa gaskiya ba, makomarta kuwa mun riga mun gan ta a jikin Judy, uwar masaukinsu, wadda ta daɗe cikin auren da ba ta jin daɗinsa. Cristina ta bar Sifen tana ci gaba da nema. Ashe dai kowacce ta koma da halin da ta zo da shi, abin da Bahaushe ke cewa hali zanen dutse.