Akwatin CDI na babur: abin da ya kamata a duba kafin a canja shi

Daga Maradi zuwa Birnin Ƙonni da Gaya, har tsallaken iyaka a Katsina da Kano, dubban matasa ne ke ciyar da iyalansu da kabu-kabu ko acaba. Da yawa cikinsu ba su ne masu babur ɗin ba: kullum da maraice sai sun kai wa mai shi kuɗin da aka yanke musu. Yini ɗaya a gareji na nufin ba cefane, ga bashi kuma. Shi ya sa idan babur ya ƙi tashi, aka ga buji ba ya ba da wuta, ake gaggawar cewa "CDI ne ya mutu". Wani lokacin gaskiya ne. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki: a saye sabo a saka, babur ya ci gaba da ƙin tashi.

Mene ne aikinsa?

CDI wani ɗan baƙin akwati ne da bai wuce kwalin taba girma ba, yawanci yana ƙarƙashin sirdi, ko ƙarƙashin tanki, ko bayan murfin gefe. Masu Faransanci na kiran shi "se-de-i", masu Ingilishi "si-di-ai". Shi ne ya maye gurbin ƙananan ƙarafan nan masu haɗuwa suna rabuwa da ke cikin tsofaffin baburan da, waɗanda kan cinye, kullum sai an daidaita su.

A cikinsa akwai ɗan ma'ajin wuta da kan tara ƙarfin da ya kai ɗaruruwan bolt. Yayin da inji ke juyawa, wata ƴar bobin da ke gefen magneto takan aiko masa da sigina cewa fistin ya kusa kaiwa sama. Nan take sai ya saki wutar da ya tara zuwa babbar bobin, ita kuma ta ninka ta zuwa dubban bolt, ta tura wa buji, tartsatsi ya kunna man da ke cikin inji. Wato CDI ɗaya ne cikin jerin kaya biyar ko shida masu aiki tare, kuma kowanne cikinsu ya lalace, alamar ɗaya ce: babu wuta.

Alamomin lalacewa

Babur na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Yana iya tashi da safe lafiya lau, idan ya yi zafi ya mutu a tsakiyar hanya, bayan ya huce ya sake tashi. Yana iya riƙa sarƙewa ko harbi ta salansa idan aka ba shi wuta. Duk waɗannan na iya fitowa daga CDI, amma bobin da ta gaji ko wayar da ta saki su ma haka suke yi.

A fara da mai araha

Makanike mai hankali kan fara ne da buji. A cire shi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a taka kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi na nufin wuta lafiya take, sai a koma wajen mai ko kafireta. Idan babu tartsatsi, a gwada sabon buji. A yawancin ƙananan injuna tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 ne zuwa 0.7. Wannan gwaji ba a yin shi kusa da kwalaben mai na bakin titi ko inda mai ya zuba, kuma ba a riƙe buji da hannu.

Daga nan sai hular buji da kaurin wayarta, sai makulli da madannin kashe inji. A babura da yawa, kashe inji na faruwa ne ta hanyar haɗa wata waya ta CDI da jikin ƙarfe. Idan wayar ta goge tana taɓa ƙarfe, ko ruwa ya shiga makulli, babur ba zai tashi ba ko da CDI sabo ne fil. Cire wannan waya ɗaya daga soket a sake gwadawa kan warware matsalar cikin minti biyu.

Sai a duba soket ɗin kansa: ƙurar hunturu da ruwan damina kan sa haƙoransa tsatsa. A ƙarshe a auna bobin ta magneto da ƴar bobin mai ba da sigina da mita. Shi CDI ba a iya tabbatar da lafiyarsa da mita ta gama-gari, domin a toshe yake da roba. Hanya mafi tabbas ita ce a ari na wani babur iri ɗaya mai aiki a gwada.

Iri biyu ne, kuma suna kama

Nan ne aka fi yin asara. Akwai CDI mai shan wuta kai tsaye daga magneto, wanda ake kira AC, akwai kuma mai sha daga batir mai bolt 12, wato DC. A ido suna iya kama, soket ɗinsu ma na iya shiga daidai. Amma idan aka saka wani a gurbin wani, ko dai babur ya ƙi tashi, ko sabon akwatin ya ƙone, kuma mai shago ba kasafai yake karɓar kayan wuta da aka riga aka gwada ba.

Gane su ba wuya. A buɗe makulli, inji a kashe, a ɗora mita a kan wayar da ke kai wa CDI wuta. Idan ta nuna bolt 12 ko kusa da haka, DC ne. Idan ba ta nuna komi ba sai an taka kik, AC ne. A ƙirga haƙora kuma: ƙananan injuna masu kwance na 110 yawanci biyar gare su, na 125 da 150 kuwa galibi shida.

A baburan Honda da na ƙasar Sin da suka bi tsarinsu, kalar wayoyi kan taimaka: baƙi da ja daga magneto, shuɗi da fari ko shuɗi da rawaya daga bobin ta sigina, baƙi da rawaya zuwa babbar bobin, kore ita ce ta jikin ƙarfe, baƙi da fari ta kashe inji. Baburan Yamaha da na Indiya irin Bajaj da TVS na da nasu tsarin daban. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tafi shago da tsohon akwatin a hannu, a gwama lambar da ke jikinsa.

Yadda ake canjawa

A kashe makulli, a cire wayar batir mai alamar ragi. A ɗauki hoton soket da wayar salula kafin a taɓa komi. A danna ɗan maƙallin soket a zare shi, ba a jan wayoyi. A goge haƙoran, a saka sabon har ya kama, a mayar da shi cikin robar da ke riƙe shi, domin ita ke kare shi daga girgizar hanya. A mayar da wayar batir, a gwada tartsatsi, sannan a tayar da inji a bar shi ya yi zafi kafin a ɗauki fasinja.

Akwai waɗanda ake tallatawa da sunan na tsere, ana cewa suna ƙara gudu. Galibi abin da suke yi shi ne cire iyakar juyawar inji ko sauya lokacin wuta. Ga babur da ke yini yana jigila cikin zafin bazara, wannan gajarta masa kwana ne.

Me ya kashe tsohon?

Idan ba a gano dalili ba, sabon ma zai bi sahun tsohon. Walda a jikin babur ba tare da an zare CDI da batir ba na iya ƙona shi. Haka fesa masa ruwa mai ƙarfi a wurin wanki. A babur mai DC, na'urar daidaita cajin batir da ta lalace, ko yawo babu batir, kan aika masa wutar da ta fi ƙarfinsa. Mai babur da ya tambayi makanikensa waɗannan abubuwa kafin ya miƙa kuɗi, ya fi kusa da komawa bakin aiki a ranar, da akwati ɗaya maimakon biyu.