Tarkacen Ɗaki: Na Bayarwa, Na Sayarwa, Na Bola

Leƙa ƙarƙashin gado a yawancin gidajenmu ka sha kallo. Ga akwatin lefe da atamfofin da ba su taɓa ganin tela ba, ga kwanukan samira tun na jere sun yi tsatsa, ga matacciyar rediyo, ga takalman yaran da yanzu har sun yi gemu. Da an ce a fitar, sai uwargida ta ce, "A bar shi, wata rana zai yi amfani." Ranar ba ta zuwa, amma ɓera da kyankyaso suna zuwa. Kada a ɗauki wannan da wasa: zazzaɓin Lassa da ke tashi a Najeriya da rani ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum, shi kuwa ɓera ba abin da yake so kamar lungun da tsintsiya ba ta kaiwa.

A Ingila an daɗe da nema wa irin waɗannan kaya mafita. Ƙungiyar agaji ta Oxfam, wadda aka kafa a 1942, ta buɗe kantin kayan sadaka a birnin Oxford tun a ƙarshen shekarun 1940, yau kuwa irinsa dubbai ne a ƙasar. Mutum ya kai abin da ya gama da shi kyauta, 'yan sa-kai su tantance, a sayar da araha, kuɗin ya tafi aikin taimako. Tsari ne mai kyau, ba musu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Abin da kantin ya kasa sayarwa 'yan kasuwa ne ke kwashewa, su ɗaure dila-dila, mai yawa a ciki ya nufo Afirka. Shi ne gwanjon da muke ɗagawa muna dubawa a kasuwar Ƙofar Wambai. A kasuwar Kantamanto ta Accra a ƙasar Gana, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 shara suke zama. Ɗan kasuwa yana sayen dila ne a ɗaure, bai san cikinta ba. Sai ya fasa ya tarar da riga mai tabon maiko, wando ba zif, siket a yage. Asara ta hau kansa, tsummokaran kuma su tafi juji da magudanan ruwa, har gaɓar teku. Wani ya share ɗakinsa a Landan, sharar ta sauka a Gana.

Mu ma muna yin irin wannan, a ƙaramin mataki. Sai riga ta koɗe ta yi huji sannan a tuna da almajiri. Wannan ba kwance ba ne, ɗora wa yaro aikin kai shara ne. Abin da za a bayar a bayar tun yana da sauran mamora: a wanke, a goge, a ɗinke maɓalli, a haɗa takalmi ƙafa biyu. Ga dangi, ga tsangaya, ga gidan marayu, ga sansanonin 'yan gudun hijira da ke buƙatar bargo da rigunan sanyi kafin hunturu ya kankama.

Mai son kuɗinta kuwa, dillaliya na nan, za ta zaga gidaje da atamfa ko kwanuka ta ɗauki la'adarta. Ƙarfe, dalma da fasassun robobi na 'yan jari bola ne, a kan kilo suke saye. A dai yi cinikin a ƙofar gida.

Akwai kayan da ba na kyauta ba ne sam. Maganin da wa'adinsa ya wuce kada a ba kowa, kada kuma a yar inda yara ke wasa. Tsohon batirin mota ko na sola akwai darma da ruwan guba a ciki, a kai wa masu sayensa ba tare da an fasa ba. Leda, katifar soso da tsohuwar taya kuma ba a cinna musu wuta a tsakar gida, hayaƙinsu na illa ga huhu, musamman na jarirai da masu asma.