Littafin Da Aka Kulle A Akwati Rabon Gara Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana malamai da akawuna wani kuskure da na yi, don kada wani ya bi sawuna. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina da Magana Jari Ce, na ɗaya da na biyu da na uku, waɗanda na gada wurin mahaifina. Saboda tsananin son da nake musu, sai na naɗe su a tsumma, na kulle cikin akwatin katako. Duk ran da yaran gida suka roƙe ni in nuna musu hoton aku, sai in kore su, in ce hannunsu da maiƙo, za su yaga mini. Ran nan bayan damina na buɗe akwati, sai na tarar gara ta cinye na ɗaya ƙurmus, na biyu kuwa ta ci rabinsa. Abin da na hana 'ya'yan cikina, ga shi ƙwari sun yi buki da shi.

Jama'a, mu tuna wahalar da aka sha kafin a samu littattafan nan. A 1933 ne ofishin fassara na Zariya, a ƙarƙashin Dakta East, ya sa gasar rubuta labari da Hausa, har aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1936 Malam Abubakar Imam ya zauna Zariya ya tsara Magana Jari Ce, aka fara buga shi a 1937. Ya rasu a 1981, Allah ya jiƙansa, amma akunsa har yau bai yi shiru ba. To, ashe don a kulle a akwati aka yi wannan aiki?

Na uku da ya tsira, shi na fito da shi. Bayan sallar lisha sai in shimfiɗa tabarma, yara su kewaye ni, maza da mata. Ba na fara karatu sai na buɗe wurin hoto, na miƙa wa ƙaraminsu, na ce, "Auta, me ka gani nan?" Shi da bai san baƙi ko ɗaya ba, sai ka ji ya zuba labari nasa na kansa. Sa'an nan in karanta, in sake murya in an zo maganar aku, in kumbura ta in sarki ne ke magana. In kalma ta yi musu nauyi, in tsaya in warware. In an kai inda labari ya yi daɗi kuwa, sai in rufe, in ce sai gobe. Wannan dabara a wurin akun na koye ta, don a littafi na ɗaya da labari ya riƙa tsare ɗan sarki, ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri.

Wani zai ce yaron da bai shiga makaranta ba, ina ruwansa da littafi? Amsa ita ce, hoto shi ne ƙofa. Yaro ya kan so hoto tukuna, sa'an nan ya tambayi abin da aka rubuta ƙarƙashinsa, daga nan fa karatu ya kama shi. Ni da idona na ga 'yar ƙanena, mai shekara biyar, tana bin layi da yatsa tana neman inda aka rubuta aku. Wani kuma zai ce ai yanzu ga waya. Gaskiya ne, amma waya ba ta ɗora yaro a cinya, ba ta kuwa amsa masa tambaya da muryar ubansa. Dā kakanni ne ke tara yara da dare su yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. In muka bar wannan, ba mu kuwa ba su littafi ba, me muka bar musu?

Saboda haka ina kira gare ku, wanda duk ke da littafi mai hoto ya fito da shi yau. A sa yara su wanke hannu, a koya musu juya takarda a hankali. In ta yage, a liƙe ta da ƙaro. Gara yaro ya yaga da gara ta cinye. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Wassalam.

Ni ne naku,
Wani tsohon malamin makaranta, Katsina.